James Peters: Marayan da ya zama baƙar fata na farko a tawagar zari-ruga ta Ingila

A ranar Asabar, 17 ga Maris, 1906, 'yan wasa 15 sanye da fararen riguna suka fito filin Inverleith da ke birnin Edinburgh domin wakiltar Ingila a karawarta da Scotland a wasan ƙwallon zari-ruga. Mutum 14 daga cikinsu fararen fata ne. Cikon na 15 shi ne James Peters, ɗan shekara 26, baƙar fata, wanda ya tashi a gidan marayu, kuma yake cin abinci da sana'ar kafinta a ma'aikatar gyaran jiragen yaƙin ruwa ta Devonport. Kafin wannan rana babu baƙar fatar da ya taɓa sanya wannan riga.

Mako ɗaya kacal kafin wasan, a ranar 10 ga Maris, dakarun Birtaniya suka murƙushe ƙauyen Satiru da ke kusa da Sakkwato, inda aka kashe kimanin mutum 2,000. A lokacin shekara uku ke nan da faɗawar Kano hannun Turawa, kuma a watan Afrilu na wannan shekara Haɗeja ta sha nata harin, aka kashe sarkinta. A irin wannan zamani, da daular ke shimfiɗa mulkinta bisa da'awar fifikon farar fata, aka miƙa wa ɗan wani mutumin Jamaika ragamar sarrafa wasan Ingila a tsakiyar fili.

Wasa biyar Peters ya buga wa ƙasarsa, cikin ƙasa da shekara biyu. Abubuwa biyu suka tare masa hanya a tsawon rayuwarsa ta wasa. Na farko launin fatarsa, wanda ya jinkirta shigarsa tawagar, ya kuma rage masa yawan wasanni. Na biyu wata doka ce rubutacciya da ta haramta wa ɗan wasa karɓar ko kwabo, kuma ita ce a ƙarshe ta fitar da shi daga wasan gaba ɗaya.

Daga bayan doki zuwa gidan marayu

An haifi James Peters a ranar 7 ga Agusta, 1879, a garin Salford da ke maƙwabtaka da Manchester a arewacin Ingila. Mahaifinsa, George Peters, ɗan Jamaika ne, mahaifiyarsa kuma Baturiya ce daga lardin Shropshire. Mahaifin yana aiki ne da masu wasan nishaɗi da ke yawo gari-gari da dawakai da namun daji, suna kafa babban tanti ana biyan kuɗi a shiga kallo. Labarin da aka fi bayarwa shi ne zakunan da yake horarwa ne suka hallaka shi a cikin keji tun James yana ƙarami.

Yaron ya ci gaba da rayuwa a cikin masu wannan sana'a, yana sukuwa a kan doki ba sirdi. Yana da kimanin shekara 11 ya karye a hannu, sai masu wasan suka ga ba shi da sauran amfani a gare su, suka watsar da shi. Daga nan ya faɗa hannun gidajen marayu na wani mai wa'azin Kirista, James Fegan, a birnin Landan, da farko a Southwark, daga baya a Greenwich. A can aka koya masa aikin ɗab'i da kafinta, a can kuma baiwarsa ta fara bayyana. Ya jagoranci ƙungiyoyin wasanni na gidan, ya kuma yi fice a guje-guje da tsalle-tsalle. Da ya girma ya bar gidan marayu, abin da ya fita da shi shi ne sana'ar hannu da saurin ƙafa.

Wasan da ya rabu gida biyu

Zari-ruga ba ta da farin jinin ƙwallon ƙafa a ƙasar Hausa, ko da yake a Kano akwai ƙungiyar Barewa da ke buga ta. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 15. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ana ɗaukarta da hannu a ruga da ita, abokan hamayya kuma suna da damar rungume mai ɗauke da ita su kayar da shi. Ba a jefa ta da hannu zuwa gaba, sai gefe ko baya. Babban buri shi ne a kai ta bayan layin abokan hamayya a dangwala ta a ƙasa, abin da a zamanin Peters yake kawo maki uku, a yau kuma biyar. 'Yan gaba su ne ƙarfafa masu turereniya domin ƙwato ƙwallo, 'yan baya kuma masu gudu. Tsakanin rukunin biyu akwai mutum biyu da ke karɓar ƙwallon su yanke shawarar inda za ta nufa. A nan Peters yake wasa, gurbin da ya fi buƙatar kaifin tunani da saurin hannu.

Wasan ya samo sunansa daga makarantar Rugby, ɗaya daga cikin makarantun kwana na 'ya'yan masu hali, kuma tsofaffin ɗaliban irin waɗannan makarantu ne suka mamaye hukumar wasan ta Ingila, RFU, da aka kafa a 1871. Amma bai daɗe ba ya bazu zuwa garuruwan masana'antu na Yorkshire da Lancashire, inda masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙu suka karɓe shi hannu bibbiyu, har suka fi masu shi iyawa. Matsalar ita ce Asabar ranar aiki ce ga lebura. Duk wanda ya bar aiki ya tafi wasa, an yanke masa ladan wannan lokaci. Ƙungiyoyin arewa suka nemi a ba su izinin mayar wa 'yan wasansu abin da suka rasa. Hukumar ta ƙi, bisa hujjar cewa wasan na sha'awa ne, kuɗi zai gurɓata shi.

A ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyin arewa suka haɗu a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle. Ƙungiyoyi 22 ne suka kafa sabuwar hukuma mai suna Northern Union, wadda ta amince a biya ɗan wasa sule shida a madadin ranar aikin da ya rasa. A 1906 suka rage yawan 'yan wasa zuwa 13, a 1922 kuma suka koma amsa sunan Rugby League. Ita kuwa RFU sai ta ƙara tsaurara dokokinta, ta yadda duk wanda ya karɓi kuɗi, ko ya buga wasa da waɗanda suka ɓalle, zai iya fuskantar kora ta har abada. Dokar a takarda ta shafi kowa daidai wa daida. A aikace kuwa lauya da likita da ɗan mai dukiya ba su rasa komai ba, domin ba su taɓa buƙatar sule shidan ba. Ingila ta biya farashin wannan tsauri a fili: bayan kofin da ta ci a 1892, ba ta sake lashe gasar ƙasashen tsibirin ba sai a 1910.

Bristol da Plymouth

Sana'a ce ta kai Peters birnin Bristol a ƙarshen shekarun 1890. Ya fara da ƙananan ƙungiyoyin unguwa, sannan babbar ƙungiyar birnin ta ɗauke shi, ya buga mata wasa 35 tsakanin 1900 da 1902, ya kuma wakilci lardin Somerset. Tun a nan ya fara cin karo da masu ƙyamarsa. An ruwaito cewa wani ɗan kwamitin ƙungiyar ya ajiye muƙaminsa saboda an saka baƙar fata a wasa, wata jaridar garin kuma ta yi ƙorafin cewa ya tare wa farar fata gurbi. Laƙabin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, Darkie, daga launin fatarsa aka samo shi, kuma masoya da maƙiya duk da shi suke kiransa.

A 1902 ya koma Plymouth, birnin sojojin ruwa da ke kudu maso yammacin Ingila, ya samu aikin kafinta a ma'aikatar jiragen ruwa ta Devonport. Wannan yanki na Devon da Cornwall ya yi kama da arewa ta fuskar cewa ma'aikata ne ke buga wasan kuma su ke cika filin kallo, sai dai ƙungiyoyinsa ba su ɓalle a 1895 ba. Peters ya shiga ƙungiyar Plymouth da tawagar lardin Devon, inda ya haɗu da Raphael Jago na ƙungiyar Devonport Albion a tsakiyar fili. Da wannan haɗi Devon ta lashe gasar larduna ta Ingila a 1906.

A daidai lokacin tawagar ƙasa tana cikin mawuyacin hali. Daga Maris na 1904 zuwa Fabrairu na 1906 an doke Ingila sau bakwai a jere, ciki har da kashin da New Zealand ta ba ta da ci 15 da nema a Disamba na 1905. Duk da haka kwamitin zaɓen 'yan wasa ya tsallake Peters a wasan Wales da na Ireland a farkon 1906, kuma duka biyun an sha kashi. Jaridun yankin Devon suka fito fili suka zargi kwamitin da cewa launin fata ne kaɗai ya hana a ɗauke shi. Da tura ta kai bango, aka kira shi wasan Scotland.

Farar riga

Wanda aka haɗa shi da shi a tsakiyar fili a Edinburgh shi ne Adrian Stoop, ɗan wani attajiri, wanda ya yi karatu a makarantar Rugby da Jami'ar Oxford, yake kuma buga wa ƙungiyar Harlequins ta Landan. Da wuya a samu mutum biyu da rayuwarsu ta yi hannun riga kamar waɗannan. Jaridar Yorkshire Post ta rubuta cewa zaɓen Peters bai yi wa mutane da yawa daɗi ba saboda dalilai na launin fata. Ingila ta yi nasara da ci 9 da 3, ta kawo ƙarshen jerin kashin da take sha, kuma rahotannin wasan sun yaba da yadda Peters ya riƙa rarraba ƙwallo.

Bayan kwana biyar, a ranar 22 ga Maris, tawagar ta tsallaka zuwa birnin Paris domin karawa da Faransa, karo na farko a tarihi da ƙasashen biyu suka haɗu a wannan wasa. Ingila ta ci 35 da 8, kuma Peters yana cikin waɗanda suka dangwala ƙwallo a bayan layi. Wasa biyu, nasara biyu. A bisa al'ada, ɗan wasan da ya fara da irin wannan ƙafar dama ya riga ya kama gurbinsa.

Baƙi daga Afirka ta Kudu

A kakar wannan shekara tawagar Afirka ta Kudu ta iso Birtaniya a ziyararta ta farko, ƙarƙashin jagorancin Paul Roos, kuma a wannan tafiya ce sunan Springboks ya kama ta. Tafiyar tana da nauyin siyasa. Shekara huɗu ke nan da ƙarewar yaƙin da Birtaniya ta gwabza da Turawan Boer, kuma tawagar ta haɗa 'ya'yan ɓangarorin biyu a riga ɗaya. Mahukunta a Landan sun ɗauke ta a matsayin alamar sulhu tsakanin fararen fata biyu da za su mulki ƙasar tare. Baƙaƙen fatar ƙasar ba su da kujera a wannan sulhu. 'Yan watanni kafin tafiyar, dakarun yankin Natal sun murƙushe boren da Bambatha ya jagoranta a kan harajin kai na fam ɗaya, inda aka kashe dubban 'yan ƙabilar Zulu.

A ranar 17 ga Oktoba, 1906, baƙin suka je Plymouth domin karawa da Devon a gaban 'yan kallo kimanin 20,000. Labarin da aka gada a yankin ya ce da suka ga akwai baƙar fata a cikin abokan karawarsu sai suka ƙi fitowa, har sai da manyan mutane suka sa baki, don gudun kada taron ya rikiɗe ya zama tarzoma. An dai buga wasan, Peters yana ciki, Afirka ta Kudu ta ci 22 da 6.

Abin da ya biyo baya yana nan a rubuce. Da Ingila ta karɓi baƙuncin Afirka ta Kudu a filin Crystal Palace ranar 8 ga Disamba, aka tashi 3 da 3, babu sunan Peters a tawagar. Stoop ya buga, Jago abokin Peters na Devon shi ma ya buga. Mutumin da aka yi nasara biyu da shi a watan Maris an bar shi a gida, kuma masu sharhi da dama, a lokacin da kuma daga baya, sun danganta hakan da gudun ɓata wa baƙi rai. Hukumar ba ta buƙaci rubuta wata doka ba. Kwamitin zaɓe ba ya bayar da dalili, saboda haka babu abin da za a kama a ƙalubalanta.

Bayan baƙin sun tafi aka sake waiwayarsa. Ya buga wasan Ireland a Dublin a Fabrairu na 1907, sannan na Scotland a watan Maris a filin Blackheath, tafiyar ƙafa daga Greenwich inda ya yi zaman gidan marayu. An doke Ingila 8 da 3, kuma makin ukun nan shi ya ci su. Wasansa na ƙarshe shi ne na Wales a ranar 18 ga Janairu, 1908, a Bristol, cikin hazo mai kaurin da ya hana 'yan kallo ganin yawancin abin da ke gudana. Wales ta ci 28 da 18. Daga wannan rana ba a sake kiransa ba.

Yatsu uku da dokar kuɗi

A duk tsawon waɗannan shekaru Peters bai daina zuwa aiki ba, domin farar rigar ba ta zuwa da albashi. A 1910 ya yi haɗari a ma'aikatar jiragen ruwa, ya rasa yatsu uku. Ga kafinta, kuma ɗan wasan da amfaninsa ke hannunsa, wannan asara ce ta fuska biyu. Mutanen Plymouth suka shirya masa gidauniyar tallafi, abin da a ƙarƙashin dokokin hukumar ake iya ɗauka a matsayin cin kuɗi da wasa. Ya warke, ya ba mutane mamaki ya koma fili, ya ci gaba da bugawa har 1912.

A wannan shekara rikicin da ya raba arewa da hukumar ya iso kudu maso yamma. An yi yunƙurin kafa reshen Northern Union a yankin, domin ƙungiyoyin Devon su riƙa biyan 'yan wasansu a bayyane. RFU ta ƙaddamar da bincike, ta dakatar da 'yan wasa da jami'ai da dama bisa laifin karɓa ko bayar da kuɗi, kuma Peters yana cikinsu. Ƙungiyar Plymouth ta durƙushe, yunƙurin kafa sabon reshen ma bai kai labari ba. Sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka haɗa abin da ya rage da Devonport Albion, aka samar da ƙungiyar Plymouth Albion da ke nan har yau.

Da ƙofar ta rufe, Peters ya koma arewa maso yamma inda aka haife shi. A 1913, yana da shekara 34, ya shiga ƙungiyar Barrow ta Northern Union, inda a karon farko ya karɓi kuɗin wasa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A 1914 ya koma St Helens. Ƙuruciya ta riga ta wuce, yaƙi kuma ya ɓarke, don haka zamansa a can bai yi tsawo ba. Ya koma Plymouth ya ci gaba da rayuwarsa ta ma'aikaci. Ya rasu a ranar 26 ga Maris, 1954, yana da shekara 74, aka binne shi a maƙabartar Ford Park da ke birnin. Stoop kuwa ya zama shugaban RFU a 1932, kuma filin ƙungiyar Harlequins yana ɗauke da sunansa.

Shekara 80 na jira

Matasan da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni duk ƙarshen mako sun saba ganin 'yan asalin Afirka a rigar Ingila, har abin ya daina zama labari. A zari-ruga hanyar ta yi tsawo. Bayan wasan Peters na ƙarshe a 1908, sai da aka yi shekara 80 kafin wani baƙar fata ya sake buga wa Ingila. Shi ne Chris Oti, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Ya fara a Maris na 1988, shi ma a Edinburgh, a karawa da Scotland, bayan mako biyu kuma ya dangwala ƙwallo sau uku a wasan Ireland a filin Twickenham. Victor Ubogu haifaffen Legas da Steve Ojomoh haifaffen birnin Benin suka biyo baya a shekarun 1990.

A ɓangaren ma'aikata da suka ɓalle a 1895 abin ya zo da wuri. Tun a 1972 Clive Sullivan, baƙar fata, ya jagoranci tawagar Birtaniya ta Rugby League ta ɗauki kofin duniya. Wasan da hukumar ta ce kuɗi ya gurɓata shi ne ya riga buɗe wa baƙar fata ƙofar shugabanci da fiye da shekara 30, domin sai a 2004 Jason Robinson ya zama kyaftin ɗin Ingila a zari-ruga ta 'yan 15, shi ma daga Rugby League ya tsallako.

Afirka ta Kudu ba ta saka wanda ba farar fata ba a tawagarta sai a 1981, lokacin da Errol Tobias ya buga. A 2019, a wasan ƙarshe na kofin duniya a Yokohama ta ƙasar Japan, Siya Kolisi, kyaftin baƙar fata na farko a tarihin Springboks, ya ɗaga kofi bayan doke Ingila 32 da 12. A tawagar Ingila ta wannan rana akwai Maro Itoje, ɗan iyaye 'yan Najeriya, wanda ya zama kyaftin ɗin ƙasar a 2025. Oti ya bi ta Jami'ar Cambridge kafin ya kai ga farar riga, Itoje kuma ta makarantar Harrow, ɗaya daga cikin mafiya tsada a Ingila. Hanyar da Peters ya biyo, daga gidan marayu da bencin kafinta, har yanzu ba ta cika yawan masu bi ba.

Ita kuwa dokar da ta kore shi, ta ci gaba da aiki har zuwa 26 ga Agusta, 1995, ranar da hukumar wasan ta duniya ta zauna a Paris ta halatta biyan 'yan wasa. Saura kwana uku a cika shekara 100 cif da taron Huddersfield, kuma Peters ya shekara 41 a kabari.